Mai Wa'azin 'Yanci da Asalin Kakata

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara kwarara, gwamnatin jiharmu ta turo mu Landan mu koyi aikin jinya. Ni an ajiye ni a babban asibitin koyarwa na Camberwell. Ranar Asabar nakan hau bas zuwa kasuwar Lewisham in sayo attarugu da doya, kuma a can na fara haɗuwa da shi. Ya ji ina mita da Hausa a gaban teburin mai kifi, sai ya ce, "Malama, kifin ne ya yi miki laifi ko mai kifin?"

Karatun lauya yake yi, ɗan babban gida ne daga wani gari da ba shi da nisa da namu. Allah ya yi masa baiwar baki. A flat ɗinsa na haya a unguwar Plumstead, inda ɗalibai kan taru ranar Lahadi mu ci tuwon semo, ya manna hoton wani Bature mai jan gashi a bango. Na zaci malaminsa ne. Ya yi dariya ya ce ɗaya daga cikin shugabannin Amurka na farko ne, wanda ya tsara takardar da suka yi shelar 'yancin kai da ita.

Daga bakinsa na fara jin ra'ayoyin mutumin nan: cewa Allah ya halicci mutane daidai, cewa ba wanda aka haifa da sirdi a baya don wani ya hau, cewa mulki ba ya halatta sai da yardar waɗanda ake mulka, kuma bai kamata hukuma ta shiga tsakanin mutum da addininsa ba. A gida soja ke mulki a lokacin, don haka maganganun nan suna shiga jikinmu. Ni kuwa suna taɓa ni ta wani wuri da ban faɗa wa kowa ba. Kafin shekara ta zagayo mun yi maganar aure. Ina ce masa Yaya, kamar yadda sauran 'yan matan ke ce masa, amma kowa ya san nawa daban ne.

A shekarar da Amurka ta cika shekara ɗari biyu da samun 'yanci, ƙungiyar ɗalibai ta gayyace shi ya yi lacca a kan gwanin nasa. Ya yi kyau cikin farar shadda, aka yi ta tafi. Da aka zo tambayoyi, wata baƙar fata 'yar Amurka ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mutumin nan ya mallaki bayi masu ɗimbin yawa a gandunsa, kaɗan ƙwarai ya 'yanta, kuma bayan mutuwarsa an sayar da sauran. Ta ce akwai wata baiwa da ake faɗin ya haifi 'ya'ya da ita. Ta tambaye shi ko ya san da haka.

Ya sani. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan, don bai taɓa gaya mini ba. Ya amsa mata cikin natsuwa cewa maganar baiwar masana tarihi na musu a kanta, mutumin ya soki cinikin bayi a rubuce, kuma da kalmominsa ne jikokin bayi suka nemi haƙƙinsu daga baya. Ya ce kowa ɗan zamaninsa ne.

Muna jiran bas a waje na ce, "Yaya, kakata baiwa ce."

Ya juyo ya dube ni. Na ba shi labarin yadda aka kamo ta tana yarinya daga wani ƙauye a kan duwatsu, aka kai ta gandun wani basarake, ta manta yarensu in ban da wata waƙar reno guda. Ita ta goya ni. Ya ce, "To, mene ne a ciki? Wannan zamani ya wuce. Ke nake so, ba kakarki ba." Na yarda da shi har cikin zuciyata.

Da bazara kawunsa ya zo duba lafiya da sayayya, kamar yadda masu hali suka saba a shekarun nan. Shi ne zai shige gaba a maganar aurenmu. Na yi miyar kuka da na daɗe ina ɓoyon garinta, na kai Plumstead. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya yaba miyar. Sai ya tambaye ni gidanmu. Na faɗi sunan unguwa da sunan mahaifina. Ya ajiye cokali.

"Ba 'yan gandun nan ba ne na bayan kogi?"

"Su ne, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah," in ji shi. "Ai kakanmu ne ya ajiye su a wurin." Ya faɗa ba da mugunta ba, kamar mai tuna wata tsohuwar gona. Ya dubi ɗan nasa ya ce, "Kai kuma ka san da wannan?"

Na ɗaga kai ina jira. Mutumin da na ji ya yi sa'a guda yana magana a gaban jama'a ba tare da ya duba takarda ba, sai ga shi yana kallon kafet. Can ya ce, "Kawu, ai ba a riga an tsayar da komai ba. Zumunci ne kawai na 'yan gida."

Na kwashe kwanuka na wanke, na yi musu sallama. Bai rako ni ba.

Bayan 'yan kwanaki ya same ni a ƙofar asibiti na tashi daga aiki. Ya ce in fahimce shi, shi a ransa bai canja ra'ayi ba, amma al'umma ba a sauya ta rana ɗaya, 'ya'yanmu ne za su sha gori. Ya ce an yi masa booking ɗin jirgi zai tafi gida hutu, in ya dawo ma yi magana. Na ce, "Ba sai ka dawo ba. Allah ya kiyaye hanya." Da ya dawo, da amarya ya dawo.

Na daina zuwa taron Lahadi. Wata uku ina bin wata hanya daban don kada in haɗu da kowa. A cikin wannan lokacin na shiga laburaren unguwa na karanta abin da na samu a kan Ba'amurken, ina neman abin da zai sa in tsane shi gaba ɗaya. Ban samu yadda nake so ba. Abin da ya rubuta gaskiya ne, shi ma ya san gaskiya ne, kuma kullum da safe bayi ne ke hura masa wuta. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da a ce jahili ne.

Na gama karatu na koma gida a ƙarshen shekarun saba'in. Mahaifiyata ta tambaye ni abin da ya raba mu da yaron nan da nake ba ta labari. Na ce jininmu ne bai haɗu ba. Ta dube ni, ta tambayi sunan gidansu, na faɗa. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta ɗora mini ruwan wanka.