Shari'ar Gwiwar Umma

Shekarun baya, lokacin muna haya a wani dogon bene a unguwar Mount Hope, can ƙasar waje, mahaifiyata ta zame a matakala. Bututun ruwa ne ya daɗe yana yoyo, mun yi wa mai gidan magana har bakinmu ya gaji. Gwiwarta ta dama ta tsage, aka yi mata aiki, muka shigar da ƙara. Ni a wautata na ɗauka wata biyu zuwa uku an gama.

Ashe ko hanya ba a ɗauka ba. Yau a ce takardun asibiti ba su iso ba, a ƙara wa'adi. Gobe a ce likitan da zai duba ta ya tafi hutu. Duk ranar da aka sa, sai na roƙi izini a wurin aiki, na tallabo Umma mu hau jirgin ƙasa na layin D, a shanya mu a bencin kotu, lauyanmu ya fito yana murmushin da na tsana ya ce an ɗage. Umma ba ta jin Turanci, amma ta haddace kalma ɗaya, wadda suke faɗa in an ɗage shari'a. Da ta hango shi sai ta ce, "Ajon ne ko?"

Ita ba diyyar ce a ranta ba, Makka ce. Kowa a benen namu Hajiya yake ce mata, tana amsawa tana cewa sunan aro ne. Burinta ta yi ɗawafi da ƙafafunta, ga shi likita ya gaya mana gwiwar kullum baya take yi.

A shekara ta uku alƙali da kansa ya gaji. Ya sa rana, ya ce ba sauran ɗagewa sai in ɓangarorin biyu sun yarda. Muka kama mata kujerar Hajji hankali kwance, tunda za a gama da sauran watanni.

Da ranar ta zo, lauyanmu ya same mu a bakin ɗakin shari'a. Wai lauyan mai gida ya rasa mahaifinsa, yana roƙon a ɗaga. "Ku ce a'a," in ji shi. "Ofishinsu cike yake da lauyoyi, wani ya tsaya masa." Na fassara wa Umma ina gyaɗa kai.

Ta dube ni kamar ta kama ni da hannu a tukunya. "Mutum ya rasa uba, ki ce masa a'a? A gidan wa kika koyi wannan?"

"Umma, nan fa ba Kano ba ce. Wurinsu duk business ne."

"Mutuwar ma? Ce masa mun yarda. Ki kuma tambayo mini inda ake zaman makoki."

Da ƙyar na hana ta dafa musu abincin sadaka.

Sabuwar ranar da aka ba mu ta faɗa tsakiyar aikin Hajji. Lauyanmu ya roƙi a matsar da ita. Wannan dai mutumin da muka yi wa kara shi ne ya ce bai yarda ba, wai shari'ar ta tsufa. Alƙali ya bi bayansa. In Umma ba ta zo ba, ana iya korar ƙarar. Wallahi ranar na yi zagi cikin harsuna biyu. Na ce mata ta tafi abinta, shari'ar ta ci kanta. Ta ce a'a, ba za ta zubar da wahalar da na sha shekara uku ba. Ta saki kujerar.

Ranar Arfa, da azuminta a baki, muna kan bencin nan. Can magatakarda ta leƙo ta ce alƙali bai gama wata shari'ar ba tukuna. Ban ma fassara ba. Umma ta ja carbinta ta ce, "Ajon." Ni kuwa na shiga banɗaki na yi kukan takaici har kwallina ya zube.

Ƙarshenta ba a ma yi shari'ar ba. Lauyoyin suka yi sulhu a tsaye, a lokacin da bai kai na dafa shayi ba.

Mun je Makka bayan shekara biyu. Ta yi ɗawafinta a keken guragu, ni ke tura ta.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na koyi cewa a nan kara ba ta da rana, wanda ka ɗaga wa ƙafa ba lallai ya san ka ɗaga ba. Na taɓa gaya mata haka, muna zaune a falo tana shafa wa gwiwar man zafi. Na ce, "Umma, da kin ce a'a ran nan, da da ƙafarki kika zaga Ka'aba."

Ta rufe kwalbar. Sannan ta ce, "To amma ubansa dai ya mutu, ko bai mutu ba?"