Takalmin Haruna

Jiya na iske Baba zaune bakin tur'a, magudanar ruwan gonarmu, riƙe da takalmin gudun ƙanena Haruna.

Haruna bai taɓa gudu da takalmi ba, kuma ba mai kamo shi a ƙauyenmu. Da za a yi gwajin masu gudun da hukuma za ta ɗauki nauyinsu a birnin Madani, Baba ya sayo masa takalmi da ɗan girma kamar kullum, don ƙanne su gada.

Ranar gwajin, Haruna na kan gaba takalmin ƙafa ɗaya ya cire. Uku ake ɗauka, ya zo na huɗu.

Na ce, "Baba, halas, abin ya wuce, jefar da shi mana."

Ya ce, "Da na bar yaron nan da ƙafar da Allah ya ba shi."

Haruna na tsinkar auduga yanzu. Jama'a, me zan gaya wa tsohon nan?