Tsohuwar Kyamarar Tsaya-Haka

Shekara ashirin da shida babanmu ya yi yana ɗaukar hoto a shago ɗaya, jikin na mai gyaran agogo. Tsaya-Haka ake ce masa, don da ya ɗaga kyamara abin da zai faɗa ke nan. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, sai dai bai iya jin an yabi wani mai hoto ba. Ko a jarida ya ga hoto mai kyau, cewa yake haske ne ya rufa wa mai shi asiri.

Da ya sayi sabuwar kyamara, sai ya ba ƙaninsa tsohuwar. Baffa direba ne, ciwon baya ya raba shi da mota. Bai san komai a kyamara ba sai maɓallin dannawa.

Ni nake yanka wa Baba hotunan fasfo, don haka ni ya zaunar ya yi wa bayani. Ya ce, "Hoto iri biyu ne. Akwai dafaffe, JPEG: kyamara ta zuba launi da kaifi yadda ka saita ta, ta matse, ta miƙo maka. Akwai ɗanye, RAW: saitin launi ba ya kama shi, kai za ka dafa abinka a kwamfuta. Manya ɗanye suke ɗauka."

Ya koma ɗanye. A bayan kyamara hoton sai ya yi kyau, a kwamfuta kuwa ya buɗe fari fat kamar an wanke shi. Ga Baba ba gwanin kwamfuta ba, ga ido ya fara rauni. Aikin yini ya koma na kwana uku, fuskoki wani lokaci ja, wani lokaci toka-toka.

Shi kuwa Baffa, da ya kama sana'ar, dafaffe yake ɗauka, a ranar yake miƙa hoto, fata tana sheƙi. Mutane suka fara komawa wajensa. Shugabar wata makaranta da Baba ya yi wa aiki shekara tara ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Tsaya-Haka, ashe ƙaninka ya fi ka hannu!"

Ranar Baba bai taɓa abinci ba. Inna ta ce, "To ai kai ka ba shi da hannunka." Ya ce, "Na ba shi kyamara, ban ba shi shagona ba."

Wata safiya Baffa ya kawo kyamarar a share mata ƙura, ya tafi asibiti. Baba ya shiga saitin yana dubawa. Launi, kaifi, ɗumin fata, duk lambobin da ya yi shekaru yana daidaitawa suna nan, Baffa bai taɓa ko ɗaya ba.

Baba ya ce, "Aikina ne! Hannuna ake yabo, shi yake amsa gaisuwa!"

Ina kallo ya danna inda ake mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Ya goge gilashin, ya sa ta a jaka.

Washegari Baffa ya ɗauki 'yan ajin ƙarshe na makarantar nan, su sittin. Hotunan suka fito a bushe, fuskoki duhu, riguna suna ɗaukar ido. Dafaffe ne, gyara bai yi musu wani abin kirki ba. Ya shigo shagonmu yana dafe da baya.

Ya ce, "Yaya, ka yafe ni, na lalata maka kyamara. Wallahi ban san abin da na taɓa ba."

Baba ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya karɓi kyamarar, cikin minti biyu ya mayar da lambobin daga ka. Makaranta ta yarda aka sake ɗauka, Baffa kuma ya bi gari yana cewa yayansa injiniya ne. Wannan ya ɗan sanyaya wa Baba rai, amma bai taɓa faɗin gaskiyar ba, ni ma ban faɗa ba.

Sabuwar kyamarar ma ya zuba mata lambobin, ya koma ɗaukar dafaffe da ɗanye tare. Wasu suka dawo, shugabar makaranta ba ta dawo ba.

Bayan wata biyu na ari kyamarar Baffa, na gwada saitinta da na sabuwar ta Baba. Komai daidai, ban da ɗumin fata. Ashe a nan Baba ya rage masa lamba ɗaya ranar da ya mayar masa da saitin.