Tambayar da Tunkiya Ta Ƙi Yi

Shekarar da na cika takwas hatsi bai yi ba a ƙasar Urafane. Ruwa ya ɗauke gero na da ciki, ɗan abin da ya samu ya fito kuma fara ta bi ta kansa. Tun sanyi bai kankama ba rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji. Babanmu ya tafi cin rani kudu. Innarmu kuwa kullum tana daji wajen tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ko bayan an dafa, ɗacin yakan maƙale a maƙogwaro har gari ya waye.

A wannan shekarar ne na fi tuna wutar Iya, kakata ta wajen uba. Da an yi magariba sai ta tara kara da busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta ta hura, mu kewaye ta, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. Gidajen Kirista uku ne kacal a ƙauyenmu, majami'armu ma ta zana ce, amma wutar Iya ba ta san wannan ba. Yaran maƙwabta suna idar da salla sai su rugo, mu matsa musu. Yanzu na gane ba don nishaɗi kawai take tara mu ba. Yaron da kunnensa ke cike yakan manta da cikinsa na ɗan lokaci.

Iya ba ta iya karatu ba. Da girmanta ta karɓi bangaskiya, bayan ta bar tsafin iyayenta, kuma takan ce ta bi muryoyi da yawa kafin ta samu wadda ba ta cuce ta ba. Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ga ta can ta taso." Mu kuma mu amsa, "Ta iso mu tarbe ta."

Wani maraice ƙanena Bulus yana ta kukan yunwa, an yi rarrashi ya ƙi. Iya ta ɗora shi a cinya ta fara ba mu labarin tunkiya.

Ta ce an yi wata shekara ta ƙishirwa, tabkuna suka bushe, sai makiyayi ya kora garkensa zuwa wata rijiya mai nisan kwana biyu. A cikin garken akwai tunkiya mai ɗa guda, ɗan kuwa yana ɗingishi, kullum su ne a baya. Makiyayin ba mai yawan magana ba ne. In ɗan ya gaji ya saɓa shi a kafaɗa, in ya huta ya sauke shi. Tunkiya ta yi ta tambayarsa, "Yaushe za mu kai? Ɗana zai rayu?" Shi kuma ba ya cewa komai sai, "Mu dai yi ta tahiya."

Ashe Dila na biye da su. Ya daɗe yana sauraron yadda makiyayi ke kiran tumaki har ya iya, babu bambanci. Da rana ta take, makiyayi ya yi gaba don duba hanya, sai Dila ya laɓe bayan sabara ya yi kiran nan. A nan Iya takan lanƙwasa murya ta koma zaƙi kamar zuma. "Baiwar Allah, wahalarki ta ishe ni. Wancan makiyayin ya tsufa, bai san hanya ba. Ga tabki nan bayan tudu, ruwan da in gurgu ya sha sai ya yi tsalle. Amma ke da ɗanki kaɗai aka kira. Kada ki gaya ma garke, hassada za su yi miki."

Wata tsohuwar akuya ta ji. Ta ce wa tunkiya, "Murya dai ta makiyayi ce. Amma tambaye shi, wace ƙafa ce ke ciwo ga ɗanki? Wanda ya taɓa ɗaukar shi ya sani."

Iya ta sunkuya tana gyara wuta. Na ƙosa na ce, "To ta tambaya?"

"Ba ta tambaya ba."

"Don mi, Iya?"

"Don tana tsoron kada ya kasa amsawa. In ya kasa, ina za ta sa ranta?"

Tunkiya ta ja ɗanta suka haye tudu. Babu tabki, sai rairayi. Da yamma makiyayi ya duba bai gan su ba, ya bar garke wurin akuya ya bi sawu. Ya tarar da tunkiya tsaye ita kaɗai tana kuka har muryarta ta dushe. Bai buge ta ba. Ya saɓa ta a kafaɗar da yake saɓa ɗanta, ya komo da ita.

Muka yi ca a kanta. "Iya, ki gyara ta! Ki ce ya iske ɗan da rai!" Zulai 'yar maƙwabcinmu har da hawaye. Iya ta girgiza kai. "Ni ba na gyara abin da ya faru. Nan ta tsaya, kan kusu ya ƙare, mai kunne shi riƙe." Muka watse muna jin haushinta.

Iya ta rasu ina da shekara goma sha biyar. Na yi aure a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, Allah ya ba mu ɗiya ɗaya, Salamatu, bayan ɓari biyu. Mai bisharar da ke kula da 'yar majami'armu wani tsoho ne, Baba Ayuba, mai sanyin magana. Wa'azinsa ba ya tada tsikar jiki. Yakan karanta, ya bayyana a hankali, wani lokaci har tsofaffi su yi gyangyaɗi.

Salamatu na da shekara shida, cikin bazara, zazzaɓi ya kama ta. Mijina Ishaya yana Agadas wajen aiki, na yi ta kiran salularsa ba ta shiga. Kwana ɗaya ta fara amai, tana riƙe kai tana ihu. Washegari na ga wuyanta ya sanƙare, ba ta iya sunkuyawa. Na san sunan wannan ciwo. Duk uwar da ta girma a ƙasarmu ta san sanƙarau, ta kuma san gidajen da ya shiga ya fita da yara.

A kwanakin nan wani baƙo ya kafa rumfa a bayan kasuwar ƙauyen da ke kusa da mu. Yana kiran kansa mutumin Allah. Yana da amsa-kuwwa, da fararen kaya, kuma ayoyi na zuba daga bakinsa kamar da bakin ƙwarya. Sunan Yesu ba ya barin leɓensa. Aka ce guragu sun yar da sanduna a gabansa. Gidan likita na Mayahi yana da nisa, hanyar duk rairayi ce, rumfar baƙon kuwa ga ta nan kusa. Na goya Salamatu na tafi.

Da layi ya zo kaina ya ɗora hannu a kan goyon, bai ko ɗaga zanen ya ga fuskarta ba. Ya rufe ido ya yi ta tsawa. Sannan ya ce, "Wannan ba ciwo ba ne, aljani ne ya riƙe wuyan yaron nan. Na kore shi. Kwana uku zai tashi ya yi gudu."

Yaron nan, ya ce. Zai tashi.

Wallahi a wannan lokacin na ji muryar Iya kamar tana tsaye a bayana. Tambayar ta hau har bakina: Malam, mace ce ko namiji na goyo? Ina ke mata ciwo? Na buɗe baki, sai na rufe. Na ce a raina ai kuskuren harshe ne, mutane sun yi masa yawa. Gaskiyar ita ce ina tsoro. Shi kaɗai ne ya ce mini za ta tashi, ban kuwa shirya rasa wannan kalmar ba.

Ya ba ni 'yar kwalbar mai ya ce in riƙa shafa mata. Ya matso ya rage murya. "Duk wanda ya kai majinyaci likita bayan na ɗora mishi hannu, ya ƙaryata Allah, abin da ya biyo baya shi ya ja. Kuma kada ki gaya ma tsohon nan naku. Bangaskiyarshi ta yi sanyi, zai ɓata miki al'ajibinki."

Na koma gida na rufe ƙofa. Kwana biyu ina shafa mai ina addu'a, ina kuka, ina roƙon Allah ya gafarta mini shakkata, domin na ɗauka shakkar ce ke hana ta warkewa. Maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa na ce muna barci. Salamatu ta daina ihu, ta koma nishi. Na ce wa kaina sauƙi ne. Lahadi ta zo ban je sujada ba.

Ana tashi daga majami'a Baba Ayuba ya zo da ƙafa. Ya yi sallama sau uku ban buɗe ba, sai ya ce, "Hannatu, ban ga Salamatu ba yau. Ita ce ke kawo mini ruwa in na gama wa'azi. Lafiya?" Na buɗe. Ya durƙusa a gefen tabarma, ya kira sunanta, ya taɓa goshinta, ya sa hannu a ƙeyarta a hankali. "Yaushe ta fara? Ta yi amai? Tana shan ruwa?" Na faɗa masa komai, har da maganar baƙon.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗiyata, Allahn da ya ba mu addu'a shi ya ba mu allura. Ba ya kishi da kyautarshi. Tashi ki ɗauko zane."

"Baba, ya ce in na kai ta na ƙaryata Allah."

"In laifi ne, na ɗauka a wuyana. Tashi."

Ya fita da sauri irin wanda ban taɓa gani gare shi ba, ya buga ƙofar Malam Sani maƙwabcinmu. Malam Sani na shirin alwalar azahar, ya ajiye buta ya ɗaura wa sansa amalanke, bai tambayi komai ba. Muka kama hanyar Mayahi rana na dukan ƙeya. Ƙafafun amalanken na nutsewa cikin rairayi, sai su biyun su tura. Baba Ayuba ya ƙi hawa don kada nauyi ya ƙaru wa san. Ya cire babbar rigarsa ya riƙe ta a kan Salamatu yana yi mata inuwa, yana tafe yana haki, leɓensa na motsi da addu'a.

A tsakiyar hanya idanunta suka juye. Na kama hannun tsohon na ce, "Baba, ka ce mini za ta tashi. Don Allah ka ce mini."

Ya dube ni, idonsa ya cika. "Ban sani ba, Hannatu. In na ce miki na sani, na yi ma Allah ƙarya. Abin da na sani, shina tare da mu a kan hanyar nan, ni ma ba inda za ni."

A lokacin na ji haushin wannan amsa kamar in yi ihu. Yau kuwa duk cikin maganganun da aka faɗa mini a kwanakin nan, ita kaɗai ce ba ta karye ba.

Mun isa la'asar sakaliya. Majo, babban mai jinya, ya karɓe ta da gudu, aka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Ya tambaye ni kwana nawa, na faɗa. Ya dubi fuskata, ya girgiza kai, ya koma kan aikinsa. Kwana tara muka yi. A rana ta biyar ta buɗe ido ta ce, "Inna." Na amsa, na sake amsawa, na kira sunanta da ƙarfi. Tana kallon bakina kawai. Salamatu ta rayu, amma tun daga ranar ba ta ƙara jin sauti ba. Kafin mu komo gida baƙon ya naɗe rumfarsa ya yi gaba, ba wanda ya san inda ya nufa.

Na daɗe ina zaton mutum yakan faɗa hannun maƙaryaci ne don rashin sani. Ni na sani. Tun ina 'yar shekara takwas aka ba ni abin awo, kuma ya zo mini a daidai lokacin da nake bukatarsa, ni ce na ƙi aunawa. Mai koyarwar ƙarya ba ya zuwa da baƙuwar murya. Da ayoyin da ka sani yake zuwa, da sunan da kake ƙauna, a ranar da ka fi kowa rauni. Abin da ba ya iyawa shi ne ya san ciwonka, ko ya bar ka ka yi shawara da 'yan'uwanka, ko ya ce bai sani ba. Ishaya bai taɓa ɗora mini laifi da baki ba. Ni ce na kwashe shekaru kafin in yarda cewa gafarar da nake ji ana wa'azinta ta haɗa har da ni.

Yanzu Salamatu ta kai sha huɗu. Tana gane magana daga motsin leɓe, tana kuma da wayo fiye da ni. Baba Ayuba ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake hawa wurin wa'azi. Amma tun Lahadin farko da muka komo daga Mayahi ya sa aka ajiye mata kujera a gaba, dab da shi. Shekara takwas ke nan, in zai yi wa'azi ba ya duban jama'a. Yakan juyo da fuskarsa wajenta, ya buɗe baki sosai, ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma. Sauran mu duka muna jin Maganar Allah ne daga gefe.