Yadda Duka Ya Fara Samun Katanga Mai Walda

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai faci da na mai sayar da fenti, akwai wata rumfar walda da ƙofofin ƙarfe suke jingine a gabanta suna jiran masu su. Mai rumfar, kowa Katanga yake ce masa. Baƙo in ya ji sunan sai ya zaci ƙato zai gani, sai ya tarar da wani siririn mutum, hannuwa duk tabon tartsatsi, riga duk huji. Ba a wurin walda ya samo sunan ba. A shagon gem ya samo shi, tun yana saurayi yana koyon sana'a.

A wancan lokacin, da an tashi daga aiki sai samari su cika wani ɗan ɗaki mai talabijin biyu, a yi ta wasan faɗa. Mutum biyu ne a allo, kowa da gwanin da ya zaɓa, kowa da layin jininsa a sama. Wanda jininsa ya riga ƙarewa ya miƙa hannun gem ga na bayansa. Yawancinsu da an ce a fara sai su rufe ido su yi ta danne-danne kamar masu kashe gobara. Shi kuwa sai ya ja baya ya tare. Ka kawo naushi ya tare, ka kawo shuri ta ƙasa ya durƙusa ya tare, ka yi ta yi har zuciya ta ɗebe ka ka saki babban duka. To, abin da yake jira ke nan. Babban duka in bai samu ba, akwai wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, wanda gwaninka yake tsaye a buɗe kafin ya maido da hannunsa. Ta nan Katanga yake shiga. Ya zuba maka biyu ko uku, ya koma ya rufe.

"Wannan ai ba faɗa ba ne, gadi ne," in ji Mai Faci, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda bai taɓa cin sa ko turmi ɗaya ba. "Kai ko bindiga aka ba ka, tarewa za ka yi da ita."

"Jinin wa ya ƙare?" Iyakar amsar Katanga ke nan.

Samarin shagon suka girma, kowa ya kama gabansa, shagon ma ya koma wurin sayar da kayan waya. Katanga bai daina ba. Da ya yi aure, ya auri wata tela mai kaifin baki, kafin ya sayi firji sai da ya sayi gem na hannu ya ajiye a falo. Tela ta dubi akwatin, ta dube shi.

"Na zaci miji na aura," ta ce, "ashe reno aka kawo ni."

Haka suka zauna. Kekenta a bakin taga, talabijin ɗinsa a jikin bango, ƙarar wannan tana gasa da ta wancan. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, bayan biyu da ba su zo da rai ba. Sunan mahaifiyar Katanga aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Tun tana rarrafe take jan wayar gem. Da ta yi wayo, sai ya zaunar da ita a gefensa ya sa mata hannun gem a cinya.

"Kada ki kalli gwaninki, Uwata. Kin san abin da zai yi, ke kike tuƙa shi. Kalli kafaɗar nawa. Kafin hannu ya fito, kafaɗa take fara motsi."

Shi kullum wani ƙato mai sulke yake zaɓa, mai nauyin jiki, mai jure duka. Ita ta zaɓi wata 'yar siririya mai wuƙa biyu, wadda jininta bai da yawa amma ba a ganin shigarta. Mai Faci da ya ga yadda take wasa, shi ya sa mata Walƙiya, sunan kuma ya bi ta har makaranta.

Shekara da shekaru tana shan kashi a hannun ubanta, don ba ya ɗaga mata ƙafa. In ta yi kuka sai Tela ta ɗaga kai daga keke ta ce, "Kai dai ba ka da tausayi. Ka bar ta ta ci ko sau ɗaya mana." Shi kuwa sai ya ce cin da aka ba ka kyauta ba ya ƙosarwa.

Tana ajin ƙarshe na sakandare ta gano maganinsa. Mai tarewa yana tare naushi, yana tare shuri, amma ba ya tare cafka. Ta matso kamar za ta kawo duka, ya rufe kamar yadda ya saba, sai kawai ta cafki ƙaton nan ta maka shi da ƙasa. Ya tashi ya sake rufewa, ta sake cafka. Da ya buɗe don ya ture hannunta, sai ta kawo dukan gaske. Jininsa ya ƙare tas. Katanga ya dubi allo, sannan ya fashe da dariya har da buga cinya. Washegari babu wanda ya zo karɓar ƙofa ko taga bai ji labarin ba.

Walƙiya ta yi karatun jinya, ta sami aiki a wani babban asibiti a gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Da ta zauna da gindinta, sai ta aiko wa ubanta sabon gem irin wanda ake haɗawa ta sabis, ita ma ta sayi nata. Duk ranar da take hutu, da la'asar, sai ya rufe rumfa da wuri ya wanke hannu. Ya jingina waya da gwangwanin sukari, ya buɗe murya, su yi ta fafatawa, ita a can shi a nan. Tela tana taka keke tana jefo magana: "Ki ce masa ya rage gishiri, ni ba ya jin tawa."

A cikin haka ne duka ya fara samun Katanga. Dukan da a da yake tarewa yana hira, yanzu sai ya ji ƙararsa a jikin gwaninsa kafin yatsansa ya sauka. Shurin ƙasa kuwa, musamman in ya zo ta hagu, sai dai ya ga jini ya ragu.

"Sabis ne," ya ce. "Na danna, wallahi na danna. Kafin ya iso wurinki ya makara."

"Yana yin haka, Baba," in ji Walƙiya.

Ya canza layi. Ya mayar da akwatin sabis kan taga. Har dogon ƙarfe ya haɗa ya kafa a bayan ɗaki ya ɗaure akwatin a kai, Mai Faci yana riƙe masa tsani yana cewa saura ya haɗa wanda zai taɓo gajimare. Duk ranar da aka cinye shi, tashi yake ya bar abinci a rufe. Bayan wani lokaci kuma sai abin ya yi sauƙi. Ya koma yana cin turmi ɗaya, ta ci ɗaya, wani lokaci ma ya cinye wasan.

"Kin gani ko?" ya ce da Tela. "Ƙarfen nan ya yi aiki."

"Ya yi," ta ce, ba ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba.

A rumfa ma abubuwa sun fara canzawa. Wani ya dawo da ƙofa saboda walda ta kauce wa layi, abin da ba a taɓa yi masa ba. Katanga ya ce sandunan walda na yanzu ne ba su da kyau. Ya yi tuntuɓe da ƙarfen da shi ya ajiye da hannunsa. Wata safiya ya zuba shayi a gefen kofi, Tela tana kallo.

"Ka je a duba idon nan," ta ce.

"Bari in gama ƙofofin makarantar nan."

"Ƙofofi ba sa ƙarewa, maigida."

Ita mai faɗar ma ba lafiya ce ta ishe ta ba. Ta daɗe tana fama da hawan jini, tana shan magani in ta tuna. Wata rana da hantsi, maƙwabciya ta shigo karɓar ɗinki ta same ta a kife a kan keke. Aka kira Katanga daga rumfa, ya zo da gilashin walda a goshi. Kafin motar Walƙiya ta yi rabin hanya, Tela ta cika.

Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, sannan suka fara raguwa, har gidan ya koma daga shi sai 'yarsa. Keken yana nan a bakin taga, da rigar wata yarinya a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya ba a haɗa ba. Babu wanda ya iya cire ta. Shirun falon ya fi komai damun Katanga. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Ana gobe Walƙiya za ta koma, da rana tsaka, sai ya jawo hannun gem biyu ya miƙa mata ɗaya.

"Baba, yanzu?"

"In ban ji ƙarar wani abu a ɗakin nan ba, kaina zai tsage. Zauna."

Ta zauna a gefensa kamar da. Babu waya, babu sabis, talabijin ɗaya suke kallo. Aka fara. Ya tare, ya tare, ta saki babban duka ya wuce, ya shiga ya zuba mata. Ya ci turmin farko. Amma bai yi murna ba, don kunnensa ya ji abin da waya ba ta taɓa kawo masa ba. Ya san ƙarar yatsun 'yarsa, tun tana ƙarama kamar ruwan sama a kan kwano suke. Yau kuwa sai ta danna, ta dakata, ta jira shi, sannan ta sake dannawa. Babban dukan ma daga nesa ta sake shi, inda ko makaho ya san ba zai samu ba.

Ya ajiye hannun gem a cinya.

"Uwata, tun yaushe?"

Ita ma ta ajiye nata.

"Ɗauki. Ki yi da gaske. In kika sake jira na, ban yafe ba."

Ta yi da gaske. Bai ga kafaɗa ba, bai ga shigarta ba. Ya rufe sama duka ya zo ta ƙasa, ya durƙusa aka cafke shi. Ta hagu kuwa kamar an ja labule. Kafin ya gyara zama an gama, layin jininta ko ɗigo bai ragu ba.

Ya kawar da kai daga allon. Can ya ce, a hankali, "Ashe ba sabis ba ne."

Sai Walƙiya ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta iso.

"Mama ce ta kira ni," ta ce. "Ta ce idonka ne, kuma ka ƙi zuwa asibiti. Ta ce duk ranar da na cinye ka ba ka cin abinci. Ta ce in riƙa bar maka ko rabi ne, kafin ta shawo kanka. Na ce mata za ka gane. Ta ce ba za ka gane ba, kai da ka sami ƙarfen da za ka yaba."

Katanga ya juya wajen keken. Matar da ta shekara talatin tana ce wa wasan nan shirme, ashe tana taka keke tana lura da wanda ya ci da wanda aka cinye. Ya sa tafin hannunsa mai kaushi ya rufe fuska, 'yarsa ta dafa kafaɗarsa, suka zauna a haka, waƙar gem tana ta maimaita kanta har Walƙiya ta miƙa hannu ta kashe.

Ta ɗaga tafiyarta, ta kai shi asibitin ido da kanta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye, daga gefe yake farawa. Na hagu ya riga ya tafi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Na dama za a yi ta lallaɓa shi da maganin ɗigawa safe da yamma. Walda kuwa, ya ce a haƙura da ita.

Katanga ya bar wa wani mai walda rumfar. Ƙofofin makarantar ma shi ya ƙarasa su. Walƙiya ta roƙe shi ya bi ta su zauna tare, ya ce to wa zai kula da ɗakin uwarta, bari dai a ga yadda idon zai yi. Ta tafi tana waiwaye.

Mai Faci ne ya ɗauki nauyin ɗiga maganin, don hannun Katanga yana kauce wa idon. Kullum sai ya zo, ya wanke baƙin taya daga hannunsa da sabulu har sau biyu, ya ce, "Buɗe, malam, kada ka tare wannan ma." Sau ɗaya suka gwada wasa. Mai Faci ya yi danne-dannensa na kullum, sai ga shi ya ci, karo na farko a rayuwarsa. Bai yi ihu ba. Ya ajiye hannun gem ya ce babban yatsansa ke ciwo, bai kuma sake yarda sun buga ba.

Ranar hutunta, da la'asar, Walƙiya tana kira. Su yi hirar asibiti, da marasa lafiyarta, da ko ya ci abinci. Yakan tambaye ta ko ta sami abokin karawa a can, ta ce aiki ya yi yawa. Kafin ta ajiye waya sai ta sake tayar da maganar komawarsa wurinta, ta ce ta gyara masa ɗaki a ƙasa, ba sai ya hau bene ba. Shi kuwa har yanzu bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Yakan ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata. Bari mu ga wata mai zuwa."