Ƙwan ƙadangarun da ya bar mini

Shekarun baya, lokacin da muke zaune a wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju da ke Kuala Lumpur, akwai abin da nake ɓoye wa 'yan gidanmu duk sanda suka kira waya. A falonmu, daf da teburin da muke cin abinci, akwai ƙadangaru biyu masu dafi.

Mijina ne ya kawo su. Karatun digiri na uku ya kai mu Malesiya, yana bincike a kan dafin dabbobi da yadda ake haɗa magani da shi. Amma waɗannan biyun ba na makaranta ba ne, nasa ne na sha'awa, da lasisinsu da komai. Wani dattijo ɗan asalin Sin da ke kiwonsu a Sri Petaling ne ya sayar masa. Asalinsu na hamadar Amurka ne. Ku ɗauki kamar damo, sai dai gajeru ne, masu kauri, fatarsu baƙi da ruwan goro kamar an jera musu tsakiya a jiki. Tafiya ma da ƙyar suke yi. Amma idan suka kama yatsan mutum ba sa saki, taunawa suke ta yi har dafin ya shiga.

Ni kuwa ko tsaka na gani a bango sai na haye kujera ina salati. Ranar da ya shigo da su na ce, "Malam, mutane na kiwon kaji, na kiwon tantabaru, kai ka rasa abin kiwo sai wannan masifar?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiyata, ki ba su lokaci. Ba sa kuka, ba sa wari, ba kullum suke cin abinci ba. Wallahi sun fi ni sauƙin riƙo."

Babban burinsa shi ne su hayayyafa, kuma abin yana da wuya, don sai sun ji sanyin hunturu irin na ƙasarsu kafin su yi barbara. Kuala Lumpur kuwa ba ta san hunturu ba. Sai ya sayo ƙaramin firji mai ƙofar gilashi, ya daidaita sanyinsa, ya kwantar da su a ciki na 'yan watanni. Ni da nake neman inda zan ajiye kayan miya, ƙadangaru ne suke da firjinsu na kansu. Shekarar farko ba a samu komai ba. A shekara ta biyu, lokacin korona, ana tsakiyar dokar kulle, macen ta daina cin abinci, ta kama tonon yashi. Wata safiya ina soya ƙwai a kicin na ji ya kwaɗa mini kira kamar gobara ta tashi.

Ashe macen ce ta saka ƙwai biyar, farare, dogaye, masu taushi kamar fatar jaka. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a wata roba mai murfi, ya yi wa kowanne ɗigo da fensir a samansa. Ya ce ba kamar ƙwan kaza ba ne, idan aka juya shi ɗan da ke ciki mutuwa yake yi. Firjin nan ya koma abin ƙyanƙyasa, ya saita shi a kan ɗumin da suke so.

Shekararmu shida da aure a lokacin, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba ma yawan maganar. Amma ran nan yana rufe ƙofar firjin sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To, mu ma bana za a yi suna a gidan nan."

Na ce, "Ragon sunan dai ɓera ne, kada ka gayyato mini kowa." Muka yi ta dariya.

Bayan 'yan makwanni ya fara tari. Ya ce sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne. Daga tari sai zazzaɓi, daga nan ya daina jin ƙanshin komai. Aka gwada mu, mu biyun duka muna da korona, sai dai ni ciwon kai kawai ta ba ni. Shi kuwa ta kai ko zuwa banɗaki sai ya huta a hanya. Ranar da motar asibiti ta zo, mutanen suna tsaye a bakin ƙofa cikin fararen kayan nan da ba ka ganin fuskar kowa, shi yana dafe da bango yana nuna mini firji.

"Kada ki juya su. Kada ruwa ya ɗiga a kansu, ki riƙa goge murfin. Idan kin rasa gane wani abu, ki kira Ankul." Haka muke kiran dattijon nan.

Na ce, "Malam, don Allah ka bar maganar ƙwai, ka je ka warke."

"Kwana nawa ne, ai yanzu zan dawo."

Na riƙa ganinsa ta waya da abin shaƙar iska a fuska. Daga baya suka ce za su sa shi barci don na'ura ta riƙa yi masa numfashi. Bai farka ba. Wata likita ce ta kira ni da hantsi, ta yi ta ba ni haƙuri cikin Turanci da Malayanci, ni kuma ina ta ce mata na gode, na gode, kamar wadda aka yi wa kyauta.

Ban ga gawarsa ba. Ma'aikata ne suka yi masa sutura a yadda dokar lokacin ta tanada, suka binne shi. Ɗalibai 'yan uwanmu biyu aka bari suka tsaya daga nesa, ɗayansu ya ɗaga waya ina kallo daga falo. Abin da na gani shi ne jar ƙasa, da motar haƙa rami, da mutane cikin fararen kaya. Hoton ma yana ta yankewa.

Haka na shiga takaba, ni kaɗai, a ƙasar da ba a shiga gidan kowa. Babu tabarmar gaisuwa, babu wanda zai dafa kafaɗata. Matan 'yan uwanmu suna kira, Allah ya saka musu, amma kowa na kulle a nasa gidan. Maƙwabciyata, wata Bamalayiya mai kirki, ita ce take rataye mini abinci a hannun ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya ta ce, "Adik, makan." Wato ƙanwata, ki ci abinci. Sau da yawa yadda ta rataye shi haka yake wuni.

Mahaifiyata kullum sai ta kira daga Kano. "Ke 'yar nan, da zarar an samu jirgi ki taho. Na tambayi malamai, sun ce mace a irin halinki za ta iya ƙarasa takabarta a gida. Me ya rage miki a can?"

Na ce, "Umma, akwai abin da ya bar mini amana."

"Wace irin amana?"

Ranar ce na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, "Ƙwan ƙadangare? Innalillahi. Anya kanki ɗaya kuwa?"

Wataƙila ba ɗaya ba ne. Amma abin da zai tashe ni daga kan darduma ke nan. Idan na idar da sallar asuba sai in je in duba lambar ɗumi, in buɗe roba, in goge raɓar da ta taru a murfi da tsumma. Iyayen kuma dole a ba su abinci. Ankul ba shi da halin zuwa, don 'yan sanda sun tare hanyoyi, ba a barin mutum ya yi nisa da unguwarsa. Ta waya ya koya mini. Ku yi tunanin ni, cikin hijabi har ƙasa, na sa safar hannun tanda, ina riƙe da mataccen ɓera a bakin dogon matsefi, ina kuka ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, tsoho yana ta ihu daga waya, "Sannu a hankali lah! Boleh, boleh!" wato za ki iya. Namijin ya kalle ni kamar ya san ba hannun da ya saba da shi ba ne, ya jima, sannan ya karɓa.

Ankul ya nuna mini yadda ake haska ƙwai da fitilar waya ba tare da an ɗaga shi ba. Huɗu sun nuna jan jijiyoyi kamar saiwa. Ɗaya kuwa rawaya ne fayau. Ya ce wannan dama babu komai a ciki, in cire shi kafin ya ɓata sauran. Ban damu sosai ba. Ai akwai huɗu.

Na biyu fumfuna ce ta kama shi. Na goge, ta dawo, na sake gogewa, ya lotsa ya fara wari. Na uku haka nan ya fara tsatsafo da ruwa kamar gumi, jijiyoyin suka dushe. Na kira Ankul ina tambayarsa me na yi ba daidai ba. Ya sa na zagaya da waya ya ga komai, ya girgiza kai.

"Babu laifinki. Ni da na tsufa a cikin abin nan, wata shekarar ko ɗaya ba na samu. Haka suke."

Ban so jin haka ba. Da ya ce ga kuskurena, da na gyara.

Na huɗu ya fi ba ni ciwo, don har na taɓa ganin inuwa tana motsi a cikinsa. Lokacin an fara sassauta kulle, ana jin ƙarar jirgin ƙasa ya dawo cike da mutane, kedai, wato shagon da ke ƙasan benenmu, ya buɗe. Duniya ta fara komawa harkokinta, ni kuma ina durƙushe gaban firji da baragurbi a tafin hannuna.

Ya rage saura ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, har addu'a nake yi masa a sujada, ina jin kunyar abin da nake roƙo amma ina roƙa. Na riƙa yi masa hira. Ina ba shi labarin mutumin da ya yi masa ɗigon fensir, yadda yake shan shayi da siga kamar na mutum uku, yadda ya ƙi koyon tuƙi a hannun hagu har muka ƙare a motar haya.

Ana saura kaɗan in fita takaba, wata rana bayan azahar, na ga tsaga a jikin ƙwan. Can sai ga ɗan hanci baƙi ya leƙo. Na zauna daɓas a ƙasa. Na kira Ankul. Ya ce kada in taɓa, kada in taimaka masa, sukan kwana biyu ko uku a haka suna shanye sauran gwaiduwa kafin su fito. Na kira Umma. A karon farko ta ce, "To, Allah ya raya." Maƙwabciyata ma ta shigo da takunkuminta, ta leƙa, ta ja da baya da sauri tana dariya.

Washegari kansa duka ya fito. Idanunsa ƙanana, yana ɗan fito da harshe yana mayarwa. Kalarsa ta fi ta iyayensa haske. Na wuni ina kallonsa, har abincin maƙwabciyata na cinye tas ran nan.

A rana ta uku da safe na tarar da shi a yadda na bar shi, kai a waje, harshen bai koma ba. Na jira. Na taɓa shi da bayan cokali. Na sake jira.

Ankul da kansa ya zo da yamma, don an buɗe hanya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hularsa. Ya duba, ya ce cibiyar ce ba ta rufe ba. Sannan ya ce, cikin jin nauyi, tunda lasisin da sunan mijina yake, kuma ni tafiya zan yi, gara iyayen su koma hannunsa a gyara takardu. Na ce to. Ya sa su a akwatuna biyu ya sauka da su. Ya miƙo hannu zai ɗauki jaririn ma, na ce a'a, wannan a bar mini.

Na naɗe shi a wani farin hankici. Ni da maƙwabciyata muka sauka bayan bene, gindin wata bishiyar mangwaro, na tona rami da cokalin miya. Ina mayar da ƙasa sai kukan da ban yi ba ranar da likita ta kira, da wanda ban yi ba ranar da nake kallon jar ƙasa ta waya, duk suka taho tare. Matar nan ta manta da dokar tazara, ta rungume ni. Rabon da wani ɗan'adam ya taɓa jikina tun ranar da motar asibiti ta zo.

Kafin in bar ƙasar an kai ni maƙabarta sau ɗaya. Layi-layi ne na sababbin kaburbura, duk iri ɗaya. Sai da mai gadi ya nuna mini nasa.

Yanzu ina Kano, ina koyarwa, ina cin abinci, ina dariya a biki. Masu ta'aziyya sun sha ce mini Allah ba ya karɓa sai ya musanya, kuma na yi imani da hakan. Amma ku da kuke karanta wannan, idan kun ga wanda aka yi wa rasuwa ya ƙanƙame wani abin da bai kai ya kawo ba, tsohuwar riga ce, ko shuka, ko kyanwa, don Allah kada ku tambaye shi ko kansa ɗaya. Ni na san ƙwan ƙadangare ne. Ban taɓa ruɗewa a kan haka ba. Kawai shi ne abu na ƙarshe mai rai da muka fara tare, kuma na so ko da guda ɗaya ya kai.

Bai kai ba. Wani lokacin haka labarin yake ƙarewa, kuma sai mutum ya tashi ya ɗora tukunya.