Ranar da aka ce soja sun kama Baba

Shekarar da damina ta ƙi, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai, rijiyoyin Tabelot sun ja baya har albasa ta yi ƙaranci. Baba direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, albasar nan yake ɗauka zuwa kudu. Da kaya suka yanke sai ya koma hanyar Dirku, inda babu rezo, waya ba ta kamawa. Kafin ya tafi ya bar wa Inna salula. Ta ɗinka mata jaka, ta rataye ta a ƙusa, kamar laya.

Ni a lokacin ina ɗinki a zauren gidanmu a unguwar Dagmanet. Wata rana bayan azahar Inna ta ƙwala mini kira, wai abin nan yana kuka. Na danna mata, na buɗe murya yadda ni ma zan ji.

Namiji ne. Ya ce shi ajidan ne a wata bariyar soja, sun tsare kamiyon Baba, shi kuma yana kulle. Ya faɗi sunan Baba daidai, har da launin motar. Ya ce in ba a saya masa katin kiredi an karanto masa lambobin ba kafin magariba, za a wuce da Baba Yamai. Kuma kada a gaya wa kowa.

A wannan zamanin in mutum ya ce shi soja ne, ba a tambayarsa shaida. Inna ta gyara zama ta gaishe shi. Ta tambaye shi gajiya, da iyali, da zafi, da yadda suke samun ruwa a can. Ya amsa biyu, ya ce Hajiya lokaci na tafiya, ya kashe.

Na fita da gudu zuwa butik, na sayo katuna da kuɗin da wata mata ta ba ni na yadi. Na dawo ina kankare na farko da farce, sai ga kiran ya sake shigowa.

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shi in ji muryarsa."

Sai wata murya ta taso tana shessheƙa: "Matata, ki taimake ni, don Allah ki yi sauri."

Inna ta dube ni. Ta ɗora hannunta a kan katunan.

Ta ce, "Ajidan, wannan mijin wata ne. Nawa tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa ce mini matata ba. ‘Ke’ yake ce mini. Ku duba da kyau, akwai wadda take jiransa."

Mutumin ya fara zagi. Inna ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta miƙo mini salular in kashe.

Na zaci shi ke nan. Amma ta yafa mayafi ta ce in raka ta tasha. A hanya tana ta jan carbi. Sarkin tasha ya ji mu, ya ce ba mu ne gida na farko da suka zo masa da wannan magana ba, duk matan direbobin hanyar Dirku. Sunan direba da launin motarsa ko mai shayin tasha ya sani. Ya ce soja in sun kama mutum ba kati suke nema ba, kuma ba sa buga waya su sanar.

Duk da haka Inna ba ta ci abin kirki ba har Baba ya dawo. Maƙwabciyarmu kuwa, wadda mijinta ma direba ne, ita ta karanta musu lambobin. Akuyarta ɗaya da ta tsallake farin ta sayar don sayen katunan. Ba wanda ya yi mata dariya a unguwa, don kowa ya san da shi ne da ya karanta.

Baba ya iso da ƙura har cikin gira. Bayan ya sha ruwa na ba shi labari tun daga farko. Ya tambaya me suka nema. Na ce katin waya.

"Kati kawai?"

Na ce kati kawai. Ya daɗe yana kallon ƙasa, da alama abin ya ɗan ɓata masa rai.

Sannan ya juya wajen Inna ya ce, "Ke, in sun sake kira ki ce su riƙe ni. Can aƙalla akwai shinkafa."

Washegari ya tafi kasuwar dabbobi. Awaki sun yi arha saboda babu ciyawa. Ya sayo wata ramammiya, ya sa na ja ta zuwa gidan maƙwabciya, ya ce in gaya mata kiwo muka ba ta.